Injin da Ya Yi Shiru

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya a Damagaram, kai da Alhaji Sani mai kamiyo, babbar motar kayan nan, da duk waɗanda za ku yi tafiyar nan tare. Allah ya fito da ku daga Sahara kamar yadda za ku shige ta, ba wanda ya ragu a cikinku. Mu nan Magariya lafiya lau, in ka ɗebe ni, don tun ranar da ka tafi ko fura ba ta wuce mini maƙogwaro.

Na san za ka ce me ya hana tsoho ya kira ka a waya. Na ɗauko ta ya fi sau goma ina ajiyewa. Ka san halina, in na buɗe baki da niyyar lallashi faɗa ne ke fitowa, kai kuma ka gado ni wajen taurin kai, da ka ji murya ta hau sai ka toshe kunne. Takarda ba ta ɗaga murya. Shi ya sa na zauna kan bencin garaji na ari bik na hau rubutu. Iro direban tasha zai miƙa maka ita hannu da hannu, tare da wani ɗan ƙunshi da zan gaya maka abin da ke cikinsa in na zo wurin.

Da farko ka yafe mini abin da na yi maka shekaranjiya. Kai ka sauke injin kamiyon nan, kai ka kai kulas, wato kan injin, Damagaram aka kankare masa fuska saboda ya lanƙwashe da zafi, kai ka mayar da kome wurinsa da hannunka. Na dawo daga sallar azahar na tarar ka tayar da shi, Alhaji Sani yana tsaye yana washe baki, yana cewa, "Kai, ka ji inji kamar ba ya aiki!" Ni kuwa tun daga bakin ƙofa na kasa kunne. Na ce ka kashe shi, sandunan nan na cikin inji sun yi tsawo. Ka ce, "Haba Baba, ko hannu fa ba ka sa ba." Daga nan na rufe ido na zazzage ka tas a gaban mutumin da ya ɗauke ka aiki, har na ce maka ɗan koyo. Ba ɗan koyo ba ne kai, hannunka ya fi nawa kyau lokacin da nake shekarunka. Tsoro ne ya kama ni, ni kuwa ban iya jin tsoro ba sai da faɗa.

Ina jin tsoro, Laminu, ban ɓoye maka ba. Nan in inji ya mutu tsakanin Magariya da Dungas, ka zauna gindin gawo, kafin la'asar ɗan kabu-kabu ya biyo ya kai ka gari. Can bayan Agadas babu gawo, babu garaji, babu mai wucewa. Abin da ke cikin jarka shi ne kwanakinku. Kuma duk mutanen da za su hau saman kayan nan, ransu bayan ikon Allah yana kan aikin da ka yi a garajina. Don haka ka daure ka karanta har ƙarshe. Ba wayona zan ba ka labari ba, wautata ce, ita ce abin da na tara da yawa.

Abin da zan faɗa ka san shi, amma bar ni in faɗa yadda maigidana Baba Kyari ya faɗa mini ran da na fara buɗe murfin inji. Ya ce in dubi kulbita, ba wani abu ba ne, jigon lambu ne. Sanda ta turo wutsiyarsa daga ƙasa, kansa ya sunkuya ya danna supap, marfin ƙofar iskar inji, ya buɗe. A wutsiyar akwai bis, ƙusa mai zare, da shi ake rage ko a ƙara ɗan ramin da ake bari tsakanin kan kulbita da supap, ramin da muke aunawa da kal, siririn ƙarfen awon nan. Ramin nan shi ne numfashin inji, domin ƙarfe in ya ji wuta miƙewa yake yi, in bai sami wurin miƙewa ba sai ya hana supap rufewa. Na ce masa na gane. Ƙarya nake yi, kaina yana wajen tuwon rana.

Wautata ta farko ba ta yi kwana bakwai da wannan karatu ba. Baba Kyari ya ce in wanke sandunan wata tsohuwar mota. Na zare su gaba ɗaya na watsa cikin tasa guda da gazuwal, wato man dizal, na wanke su fes, na jera a rana ina jiran yabo. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "To, wacce ce ta gaba, wacce ce ta baya?" Na ce ai duk ɗaya ne. Bai buge ni ba, da ma ya buge ni. Ya ɗauko gilashin wata taga ya shimfiɗa, ya ce in mirgina su ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki suna tafiya suna ɗingishi, ga ido kuwa miƙaƙƙu ne sambal. Sa'an nan ya jera su a kan benci ya daidaita gindinsu, na ga da idona wata ta ɗara wata. Ranar ban ga tuwo ba sai bayan la'asar, ina ta gwada kowace a raminta. Saboda haka duk sandar da ka zare, ka huda kwali ka soke ta a layinta. Kowace ta saba da mazauninta, ta cinye shi ya cinye ta. Kuma kada ka yarda da miƙewar sanda sai ka mirgina ta kan gilashi, ko da gilashin ƙofar kamiyon ne.

Ta biyu a Kwaya na tafka ta, bayan na fara cin gashin kaina, ina ji da kaina kamar ni na ƙera inji. Injin niƙan garin ne ya lanƙwasa sanda. Na leƙa kasuwar Dungas wajen masu tsofaffin ƙarafa na sami wata mai kama da ita, na ɗora su a tafin hannu na ga sabuwar ta ɗan gaza. Na ce ba kome, ai don haka aka yi bis. Na yi ta murɗa shi ƙasa har ya kamo sandar, zarensa duk ya fito waje yana reto, saura kaɗan ya rabu da kulbita. Inji ya tashi, na karɓi godiya da ƙwaryar fura na yi gaba. Kwana huɗu bis ya karye, ana jibi bikin ƴar mai gari, ga buhunan gero jibge a bakin inji. Matan Kwaya suka koma turmi, tun hantsi har yamma ana lugude, kuma duk taɓaryar da ta sauka da sunana take sauka. Har yau in na shiga garin sai wata tsohuwa ta ce, "A'a, ga makaniken da ya mayar da mu turmi! Me ka zo kashewa yau?" Dariya ake yi, ni ma ina yi. Amma ka riƙe wannan, bis na gyaran ɗan rami ne, ba na cike gurbin sandar da ta gaza ba. In ka ga sai ka kai shi ƙarshe kafin kal ya zauna, ko ta sama ko ta ƙasa, to sandar ce ba ta wurin ba, ka cire ta ka nemo daidai.

Ta ukun ban taɓa gaya maka ba. Na so in tafi da ita kabari, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ka san kana da yaya mace da ta rasu kafin a haife ka, ƴarmu ta fari. Abin da aka gaya maka shi ne zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara huɗu. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba.

A shekarar akwai wani mutumin Dungas, Ɗan Jummai, mai akori-kura da ke jigilar ƴan kasuwa. Motarsa ta yi zafi kulas ya lanƙwashe, aka kai Damagaram aka kankare, aka kawo mini in haɗa, kamar dai naka. Ka san in an kankare kulas ya sauko ƙasa, kulbita ya matso kusa, tsohuwar sanda ta zama doguwa ba tare da ta ƙaru ba. Na mayar da tsofaffin sanduna. Da na zo saiti na yi ta warware bis yana hawa sama har ya ƙure, kal kuwa ya ƙi shiga sai da na tura shi da ƙarfi. Na gani, Laminu. Ba zan ce maka ban gani ba. Amma gobe kasuwa ce, Ɗan Jummai yana tsaye a kaina yana duban rana, neman gajerun sanduna kuwa sai an koma Damagaram. Na ce a raina ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wannan ɗan abin ba zai hana mota tafiya ba. Na ɗaure, na rufe murfi. Da aka tayar, inji ya yi luf, babu ƙas-ƙas ɗin nan da kulbita ke yi in yana da raminsa. Ɗan Jummai ya ce bai taɓa jin motarsa ta yi daɗi haka ba. Ni kuwa har da bugun ƙirji, na ce aikin gwani ke nan.

Bayan kamar sati uku innarka ta kai yarinyar ganin kakanninta a ƙauyensu, gaba da Dungas. Ƙarshen damina ne, lokacin sauro da zafin nan mai dafa mutum. Aka aiko mini yarinya ba lafiya, na bi motar kasuwa na same su a ɗakin shan magani na Dungas. Majo, malamin asibitin, ya buɗe idonta ya duba tafin hannunta, ya ce jininta ya ƙare, a kai ta Magariya yanzu-yanzu a ƙara mata. Lokacin kabu-kabu bai yawaita ba, motar kasuwa kuma ta juya. Mota ɗaya ce tak a garin, ta Ɗan Jummai. Ɗan Jummai ko gardama bai yi ba, ya ce, "Ku shiga, Malam Hamisu. Ai aikinka ne, mato lafiyarta lau."

Muka kama hanya rana tana tsaka. Ka san rairayin hanyar nan, inji yana ta gurnani a ƙaramin giya, zafi yana hawa. Mun ci fiye da rabi sai na ji ya fara tari. Ya yi atishawa ta sama, ƙarfi ya ragu, ya sake tari, ya mutu. Ɗan Jummai yana cewa ko mai ne, ko wuta ce, ni kuwa tun kafin in ɗaga murfi na san ko mene ne. Sanduna sun ji wuta sun miƙe, supap sun kasa rufewa, wuta ta bi ta gefensu ta cinye su. Na sa kile, wato sifana, a kan bis ina ƙona yatsu, ina neman ko rabin zare in warware, babu. Ni da hannuna na cinye shi tun a garaji. Innarka tana gaban mota da yarinya a cinya tana yi mata fifita da bakin zane, kallona kawai take yi irin kallon wanda ya tabbata za a gyara.

Wani bawan Allah ya fito daga gona da amalanken jaki, ya zubar da gyaɗarsa a bakin hanya ya ɗauke mu. Ina gefe ina gudu ina dukan jakin mutane. Mun fara hango itatuwan bakin Magariya sai innarka ta ce, "Malam, bar dukan dabbar nan. Ba sauran sauri."

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda, mai yiwuwa ko mun isa da wuri kwananta ya ƙare. Amma sababin ta hannuna ya biyo, wannan kuwa ba malamin da ya iya cire mini shi. Mutane suka ce zafi ne, suka ce tsohuwar mota ce. Abin da ya fi ci mini rai, Ɗan Jummai ya zo gaisuwa ya durƙusa gabana yana hawaye, ya ce in yafe masa, motarsa ce ta ci amanata. Na buɗe baki na ce na yafe. Har ya koma ga Allah bai san ni ya kamata in durƙusa ba.

Bayan sadakar bakwai aka jawo motar, Baba Kyari ya zo ya taya ni buɗewa. Ya dubi bis ɗin nan duk sun ƙure sama, ya dube ni. Ya ɗauki wata tsohuwar sanda ya yanke ta biyu, ya yi mata zare a tsakiya yadda za a iya ƙara mata tsawo ko a rage, ya sa mata abin ɗaurewa. Ya miƙo mini ya ce, "Daga yau ba idonka ke awo ba, wannan ce." Ita ce a cikin ƙunshin da Iro zai ba ka. Tun ranar ban ƙara haɗa kulas da aka kankare ba sai da ita, in ban da naka, da girman kai ya hana ni in ɗauko ta in miƙa maka cikin lalama.

Shekaranjiya da na tsaya a bakin ƙofa, shirun motar Ɗan Jummai na ji a cikin kamiyonka. Mai yiwuwa kunnena ne ya tsufa. Ina roƙon Allah ya sa haka ne. Amma ga abin da nake so ka yi kafin ku bar Damagaram, tunda ka ce lodi zai ɗauke ku kwana uku. Ka bar inji ya huce sarai, kada ka auna shi da ɗumi. Ka buɗe murfi ka fara duban bis, ka ƙirga zaren da ya rage sama da ƙasa. In ka ga sun haye sama sun ƙure, ka riga ka sami amsa. Ka juya inji da hannu har supap biyu na fistan ɗin su rufe, ka zare tsohuwar sanda, ka mayar da bis tsakiyarsa, ka sa sandar awo. Ka yi ta ƙara mata tsawo a hankali har kal ya shiga da ɗan ja, ba sako-sako ba, ba kuma da tura ba. Ka ɗaure ta, ka zaro, ka kwantar da ita kusa da tsohuwar a kan abu mai shafe. In tsohuwar ta ɗara ta, ko da kaurin farce ne, kada ka ce ɗan kaɗan ne. Ka auna ta gaba, ka auna ta baya, don mai kankara ba kullum yake cin fuska daidai ba. Sa'an nan ka ɗauki sandar awo a hannunka ka shiga wajen masu kayan mota ka nemo masu tsawonta, in ba a samu ba ka kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya rage maka naka. Kada mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne, ni na riga shi faɗin haka.

Alhaji Sani zai tsaya a kanka yana duban rana, na san irinsu, haka Ɗan Jummai ya tsaya a kaina, kuma ba mugun mutum ba ne. Zai ce kwana ɗaya asara ce. Ka ce masa tsohonka ne ya rikice ya hana ka sakat, ka ɗora mini duk laifin, na ɗauka. In ya ce sai dai a tafi haka, ka sauko da jakarka ka dawo gida. Ba wanda zai yi maka dariya a garajina, wanda ya yi kuwa ni da shi ne.

Saura magana ɗaya. Yau da hantsi innarka ta kawo mini fura ta tarar da ta jiya ban taɓa ba. Ta ce, "Malam, wai me ke cin ka? Yaro ba yau ya fara tafiya ba." Sai na gaya mata. Duk abin da na rubuta maka a nan na faɗa mata da bakina, abin da na ɓoye mata shekara ashirin da wani abu muna kwana ɗaki ɗaya. Ta zauna a bakin turmi. Ka san kunyar ɗan fari, tun da aka haifi yayarka innarka ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ranta, ni ma haka. Yau ta kira. Ta ce, "Hadiza ta tafi, mai abu ya karɓi abinsa. Wannan kuwa yana Damagaram, ƙafarsa ba ta taɓa rairayi ba tukuna. Tashi ka rubuta masa." Ita ta buɗe akwatina ta ɗauko sandar awo, ta kwance kallabin kanta ta naɗe ta a ciki. Ko ta yafe mini ban sani ba, ban sami ƙarfin tambaya ba tukuna.

To, Laminu, ka ji abin da ubanka yake. In ka auna ka tarar sandunanka daidai suke, ka dawo ka tsaya tsakiyar tasha ka ce kunnen Hamisu ya mutu, wallahi ni zan fi kowa murna. In kuwa ka tarar da abin da nake tsoro, ka gyara, ba sai ka ce mini na yi gaskiya ba, ba na bukata. Abu ɗaya nake roƙo. Ran da za ku tashi, in ka tayar da inji, ka kira ni. Kada ka gaishe ni ma in ba ka so. Ka ɗora wayar kusa da murfin inji kawai, in ji ƙas-ƙas ɗin nan da kunnena, in miƙa wa innarka ita ma ta ji.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya raba ku da ɓatan hanya, da ƙishirwa, da mugun ji da mugun gani. Ya sanyaya muku rana, ya riƙe muku ƙarfen da kuka hau, ya sa albarka a hannunka fiye da yadda ya sa a nawa. Allah ya jiƙan yayarka, ya jiƙan Baba Kyari da Ɗan Jummai. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, ka mayar wa innarka kallabinta hannu da hannu. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Hamisu makanike, Magariya